Ɗan Aiken Goggo Asabe a Habana

Tun da na sauka daga jirgi ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a gahawar bakin kasuwar Nuzla, unguwarmu a Jidda, kafin in kai kofi baki wani ya jawo kujera: "Idi, yaya Amurka?" Na faɗa na sake faɗa, ba Amurka na je ba, Kyuba na je, wani tsibiri ne a gefenta, babban birninsa kuma Habana. Gobe mutumin nan zai dawo da ƙaninsa ya ce in maimaita daga farko. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, iyayena Hausawan Sudan ne, a Bor Sudan aka haife ni, a Jidda na girma, sana'ata kuwa girki a jirgin ruwa. Jirgin da nake wa aiki tsohon jirgin kaya ne na wani Bagirke, duk inda aka ce akwai lodi can ya nufa. Wannan karon aka ce sukari za mu ɗauko a Habana. Ni ban taɓa jin sunan garin ba, amma kafin la'asar labari ya kai kunnen Goggo Asabe, ita ashe ta daɗe da saninsa.

Goggo Asabe maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Kano, ita da mijinta da ɗansu na fari, Sale. Mijin ya rasu bayan sun sauke farali, ita kuma ta zauna tana soya gyaɗa a yashi tana sayarwa a bakin hanyar tashar jirage, har ta raini ɗanta. Duk yaron da ya girma a layinmu da gyaɗarta ya girma. Sale ya shiga aikin jirgi ina ɗan saurayi, ya tafi, shiru. Bayan shekaru wani Bayamale ɗan jirgi ya ce ya gan shi a Habana yana tallar gyaɗa a wani dandali mai coci. Iyakar abin da aka sani ke nan. A 'yan watannin nan kuwa Goggo ta daina fita talla, ta daina cin abin kirki. In ta kurɓi koko da safe shi ke nan sai gobe.

Ta aiko aka kira ni. Na same ta a kan tabarma, ga wani ƙunshi a gabanta an naɗe da buhu an ɗaure da igiya.

"Ɗan nan, an ce za ku garin da mutumin yake."

Ba ta faɗin sunan Sale. Ɗan fari ne, ko da yana nan ba ta kiransa, ba ta kallonsa a gaban mutane.

"Haka aka ce, Goggo."

"Ungo. Likkafani ne, an wanke shi da zamzam. Ka kai masa."

"Goggo, a wace unguwa? Wane gida?"

"An ce dandali."

"To in na same shi me zan ce masa?"

"Ba sai ka ce komai ba. Ka dai sa a hannunsa. Halas, shi ke nan."

Na ɗauka tsoro take kada ɗanta ya mutu cikin waɗanda ba Musulmi ba, a sa masa kwat da wando a rufe shi a akwati. Na so in ce mata birni ba ƙauye ba ne, amma na dubi wuyan hannunta yadda ya tsotse, na kasa. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ta hana ni sakat har na dawo.

Ɗakinmu ɗaya a jirgi da Baba Tanko, dattijo mai zuba wa injin kwal, wanda ya shekara a teku tun kafin a haife ni. Mun wuce Suwais ke nan ya tambayi abin da ke cikin buhun. Ina faɗa masa ya miƙe, ya naɗe bargonsa.

"Likkafani a jirgi? Ya shekh, ba ka da hankali? Kada ka kuskura ka kwance shi a gabana!"

Daga ranar a waje yake kwana, kusa da kwalekwalen ceto. Duk abin da ya lalace a jirgin kuwa, ni ne. Injin ya yi tari, ya dube ni. Igiya ta tsinke, ya dube ni. Da muka fita babban teku ruwa ya tashi, tukwanena suka riƙa yawo a kicin, miyar kyaftin ta kife a ƙafata, Baba Tanko ya leƙo yana riƙe da ƙofa, bai tambayi ƙafar ba, sai cewa ya yi, "Ka gani ko?" Amma a kan neman Sale bai da damuwa ko kaɗan. Ya ce shi ya sauka a Ikko, ya sauka a Ankara, ya sauka a Duwala, ba garin da bai tarar da zango ba. "Mu sauka kawai mu tambayi gidan Sarkin Zango. Shi ya san kowane Bahaushe a garinsa. Kafin azahar mun gama." Da yake ya girme ni, na yarda, har na ji sanyi a raina.

Da muka shiga tashar Habana aka ce ba za a zuba sukari ba sai an yi wa jirgi feshin maganin ɓera, kowa ya sauka ya nemi masauki a gari. Sai ga ni da buhuna a gaban ɗan kwastan, wani mai gashin baki da ƙatuwar taba a laɓɓansa. Baba Tanko na ganin an taɓa igiyar ya juya baya ya kama kallon bango. Mutumin ya kwance, ya yi ta jawo farin yadi yana jawowa, har ya rufe teburin. Ya yi magana da Sifaniyanci, na amsa da Larabci. Ya ɗaga murya, na gwada ɗan Girkancin kicin da na iya. Na dai fahimci cewa ya ɗauke ni ɗan fasa-ƙwaurin yadi. Da abin ya ishe ni sai na hau bencin da ke gefe na kwanta, na miƙe ƙafafu, na rufe ido, na ja yadin na lulluɓe har kai. Da na leƙo, tabar ta faɗi daga bakinsa. Ya taɓa goshi ya taɓa ƙirji, ya tura mini kayana da bakin sanda, ya nuna ƙofa. Ina tattarawa wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗauka ragowar yanka ne tsohuwa ta manta a ciki, na kaɗe shi na cusa ina mita.

Masaukinmu gidan wata mata ce mai suna Sinyora Marta, kakkaura, mai dariya kamar ana ɓarin kwanoni. Gidan tsohon gidan masu hali ne da aka yayyanka ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyoyin shanya ta ko'ina, ga wani aku a keji da ba ya rufe baki. Ta kawo mana shinkafa da baƙin wake. Baba Tanko ya ga wake da shinkafa, ido ya kawo ruwa. "Ban ce maka ba? Waɗannan mutanenmu ne!" Ya share kwano ya nemi ƙari.

Washegari muka gamu da wani Bashame Kirista mai kantin yadi a layin, ya ji muna Larabci ya kira mu. Shi ya fara ɓata mana rai. Ya ce waken da kitsen alade ake dafa shi. Baba Tanko ya fita waje, na ji yana ta kakari. Na ce to ma riƙa cin burodi. Bashamen ya ce burodin ma da shi ake kwaɓawa. Na tambayi masallaci, ya ce shi dai tun zuwansa bai ga ko ɗaya ba. Baba Tanko ya dawo yana goge baki ya tambayi zango. Na yi ta bayani, mutumin ya yi ta girgiza kai. Da muka fito Baba ya ce, "Rabu da shi, Bashame me ya sani game da zango?" Tun daga nan abincinmu ya koma ayaba da dafaffen rogo da ruwan rake, sai kofinsu, wanda ake zubawa a ɗan kofi kamar na wasan yara, baƙi ƙirin, sukari ya fi ruwan yawa. Ni da nake ciyar da jirgi guda, ga ni ina yawo da yunwa.

Sai dandali. A nan ne na gane Bayamalen nan bai taimaki kowa ba. A tsohon garin Habana, in ka bi lungu matsattse ka ɗan taɓa tafiya, sai ka ɓulla a fili, ga manyan gidajen dutse da Turawan Sifen suka gina tun zamanin mulkinsu, ga rumfuna masu ginshiƙai, ga coci. Ka shiga wani lungun, ka sake ɓulla a wani filin, ga coci kuma. Masu tallar gyaɗa kuwa ko'ina, kowa da gwangwani mai garwashi a ƙasa, gyaɗar a ƙunshe cikin takarda mai tsini, suna rera talla kamar waƙa.

Dandali na farko shi ne wanda ke bakin ƙofar kwastan. A tsakiyarsa akwai zakoki na farin dutse suna fesar da ruwa ta baki, dare da rana, ba mai sha, ba mai tara. Na tsaya ina kallo raina na ɓaci. Mu da muke jiran mai ruwa ya zo da garwa biyu a kafaɗa, a yi alwala da ɗan kaɗan a ajiye saura! Cocin wajen babba ne, na ce bari in leƙa, sai na tarar ana sayar da kan sarki ana buga hatimi, ashe an mai da shi gidan waya. Baba Tanko kuwa ya fara aikinsa. Duk baƙin mutum da ya gani sai ya tare shi: "Salamu alaikum. Don Allah ina gidan Sarkin Zango?" Baƙaƙen mutane kuwa a garin nan ba iyaka, wani ka rantse ɗan Fagge ne. Wasu su yi dariya, wasu su ba shi taba, wani ya rungume shi ya sayar masa da takardar caca.

Dandali na biyu ya fi kowanne kyau, da itatuwa da kujeru, ga tsohon gidan gwamna. A gefensa akwai rimi, rimi sosai irin na gida, an kewaye shi da shingen ƙarfe. Mun tarar da dogon layi, maza da mata, farare da baƙaƙe, kowa ya shiga sai ya kewaya rimin sau uku yana shafa jikinsa, bakinsa a rufe, ya jefa kwabo ya fita. Bashamen ya ce rana ɗaya ce a shekara suke yi, kowa da buƙatarsa a zuci. Baba Tanko ya riƙe haɓa. "Ɗawafi? A gindin rimi? A'uzu billahi! Idi, yalla, mu bar nan kafin masu itacen su gane mu." Ni ma abin ya ba ni haushi, amma na ga wata tsohuwa a layin, an riƙe ta tana jan ƙafa, leɓenta na motsi, na ce a raina wannan ma akwai wanda take jira. Na sayi gyaɗa a wajen wani Basine na bi bayan Baba.

Na uku ma ban san me zan kira shi ba. Gidajen da ke kewaye da shi tsofaffi ne masu kyau, amma an haƙe ƙarƙashin filin an mai da shi ɗakin kwanan motoci. A saman benaye mata ne a tsaye a baranda, kai ba lulluɓi, suna hira da na tsallake da ƙarfi, suna zuro kwando da igiya mai kayan miya ya zuba musu. Kwandon dai irin na Jidda ne, sai dai namu matan daga bayan tagar katako suke zurowa, ba ka ganin ko yatsa. Wata ta kira Baba Tanko daga sama ta hura masa sumba. Ya sunkuyar da kai yana istigfari, amma na lura ya gyara zaman hularsa.

A nan ne kuma ya ɗauka ya ci nasara. Ya yi wa wani dogon baƙi mai fararen kaya sallama, sai mutumin ya amsa da wani abu mai kama da amsar sallama. Baba ya kama hannunsa ya ƙi saki. "Alhamdu lillahi! Ga ɗan zango!" Mutumin ya ja mu lungu-lungu har wani gida, ya kai mu gaban wani dattijo mai tsakiya a wuya. Dattijon ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka ba mu kujeru. Sai dai a kusurwar ɗakin ga tukunyar ƙarfe cike da sanduna, ga kyandir, ga zakara a ɗaure, ga ganguna. Baba Tanko ya gaisa a tsaye, ya fita da baya-baya. Sai da muka kusa gida ya ce, "Akwai zango. Ɓoye mana suke yi."

Muna shiga gida na tarar da wani sabon tashin hankali. Sinyora Marta ce a bakin famfo, ta cika baho da ruwa da sabulu, ga likkafani a kafaɗarta. Ta share ɗakinmu ta ga sabon yadi ya yi ƙura, ta ce bari ta yi mana alheri. Saura kaɗan zamzam ɗin Goggo ya bi kwata. Na yi tsalle na fizge, ina ihu da duk harshen da na sani, ita ma tana nata, akun yana taya mu. Na ƙirga ban ga ɗan ƙyallen nan ba. Ashe ta rufa wa akun keji da shi don rana. Na cire, na kaɗe, na ce wannan ƙyalle sai ya ga bayana. Daga ranar ko'ina za ni da buhun nake zuwa, a kafaɗa, cikin zafin nan mai danƙo da ya fi na Jidda naci.

Na zaga dandalin babban coci, mai hasumiya biyu, ɗaya ta fi ɗaya kauri kamar maginin ya gaji a hanya. Na zaga wani ƙarami a can ciki. Na koma na farko na sake bi. Duk mai gyaɗa namiji sai na leƙa fuskarsa, in ya tsargu in saya. Na ci gyaɗa har bakina ya yi ƙuraje. Sannan aka aiko cewa an gama feshi, lodi ya yi nisa, kowa ya koma jirgi kafin faɗuwar rana. Na zauna a gefen zakokin nan na bakin kwastan, buhu a cinya, na rasa abin da ke mini daɗi. Ba wahalar ce ta dame ni ba. Fuskar Goggo nake gani lokacin da zan ajiye mata ƙunshinta in ce ban same shi ba, kuma na san ranar ko kokon ma za ta daina sha.

Wata mai talla ta miƙo mini ƙunshin gyaɗa, baƙar mace mai tsohon ciki. Kullum ina ganinta a wajen, ban taɓa saya ba, tunda namiji nake nema. Na karɓa don ta wuce. Na jefa a baki, sai na ji ƙaras, yashi. Na duba tafin hannuna. Ɓawon ya yi fari-fari da ƙura, gishirin ya shiga ciki, ba maiƙo ko kaɗan. Duk gyaɗar da na ci a garin nan ba mai wannan kama. Na miƙa wa Baba Tanko. Ya tauna, ya daina taunawa.

"Wannan ai ta Asabe ce."

Na bi matar da gudu, buhu na dukan bayana. Na nuna gyaɗar, na yi alamar juyawa a kasko, na ce, "Sale? Sale?" Ta dube ni, ta dubi hular Baba Tanko, ta daɗe, sannan ta yafito mu. Wato tun ranar da muka sauka muke wuce matar Sale safe da yamma, muna can muna neman Sarkin Zango.

A bayan ƙaramin dandalin nan, a wata tsakar gida mai cunkoso, wani mutum na tsugune gaban rabin durom, yana juya gyaɗa cikin yashi da ɓallin ƙwarya. Tun daga baya na gane shi, don haka uwarsa take tsugunawa, gwiwa ɗaya a sama. Baba Tanko ya yi sallama. Hannun mutumin ya tsaya. Ya amsa a hankali ba tare da ya juyo ba, kamar yana lalubo kalmomin.

"Yaya Sale, Idi ne, ɗan gidan Malam Haruna na Nuzla."

Ya juyo. Furfura ta fara masa. Ya dubi buhun kafin ya dube ni.

"Ta rasu?"

"Tana nan. Ita ta aiko ni. Ta ce in sa wannan a hannunka."

Na sa a hannunsa, na ji kafaɗata ta zama tawa. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa tabarma, ya kwance igiyar. Baba Tanko ya juya baya kamar kullum. Sale ya ɗaga yadin ya sansana. Sai ɗan ƙyallen nan ya zame ya faɗi, na ce, "Rabu da wannan, ragowa ce, ya isa da ba ni wahala."

Ya ɗauka ya buɗe shi a kan gwiwarsa.

"Ya Idi, wannan ba ragowa ba ce. Kallabi ne. Likkafanin namiji rawani ake sa masa." Ya shafa kallabin da tafin hannu. "Nata ne. Shekarar da muka iso ta wanke shi. Ni na riƙe mata gefe ɗaya muka shanya a rana."

Baba Tanko ya juyo. Karo na farko ke nan da ya dubi yadin.

Sai a lokacin na gane aiken da na ɗauko. Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta, ina za ta iya cewa ya zo ya rufe ta? Sai ta aiko masa da abin rufewar, ta zauna ba ta da ko ɗaya.

Na ce, "To tashi mu tafi. Jirgi yau zai tashi, Baba zai roƙi kyaftin."

Ya nuna matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa da cikinta. Ya ce ba shi da fasfo, tun da ya gudu daga jirginsa ba shi da takarda ko ɗaya, sai ya nema. Sannan ya ce, "Kuma da wane ido? Na fita in kawo mata arziki, ga ni ina soya gyaɗa."

Nan haushin kwanakin nan duka ya taso mini. "Ita me take soyawa? Zinariya? Ya shekh, matar nan ta daina cin abinci! Ba arziki ta aiko ni nema ba!"

Sale ya sunkuya. Ya ninke yadin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin buhu, ya ɗaure, ya miƙo mini. Kallabin kuwa ya ninke shi ƙanana ya sa a aljihun rigarsa na ƙirji.

"Ka mayar mata. Kada ta zauna babu."

"Wai in sake ɗaukarsa? Na tsallaka teku da shi, na kwanta a bencin kwastan, na yi faɗa da mace da aku, kuma in mayar? To kawo kallabin a haɗa."

"Wannan ni zan kawo."

A dawowa Baba Tanko ya komo ɗaki. Shi da kansa ya ɗora buhun a saman gadonsa don kada laima ta taɓa shi. Zancen zango dai bai bari ba, ya ce da mun ƙara kwana biyu da mun same shi.

Ranar da muka iso Jidda ban shiga gidanmu ba sai da na shiga na Goggo. Ta ƙara ramewa. Na durƙusa na ajiye buhun a gabanta. Ta dube shi, fuskarta ta mutu, ta ɗauka ban same shi ba. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta kwance igiyar, ta bi yadin da yatsu, ta ɗaga wannan ta kaɗe, ta ɗaga wancan ta kaɗe, ta zazzage buhun. Ta sake bi daga farko. Da ta tabbatar kallabin ba ya ciki, sai ta ɗora hannunta a kan yadin.

Ba ta tambaye ni lafiyarsa ba, ba ta tambayi ko ya yi aure ba. Ni na yi ta zuba, tana kallon bango kamar zancen ɗan wani nake. Da na gama ta ce, "Ɗan nan, akwai sauran tuwo a gidanku?"

Yanzu ta koma bakin hanyar tasha da kaskonta, ta juya kujerarta tana fuskantar ƙofar da 'yan jirgi ke fitowa. Ni kuma na samu sabon aiki ba albashi: duk jirgin da ya yi kuka sai ta aiko in je in tambayo daga ina yake. Ko Sale zai zo, ban sani ba, kada kuma a tare ni a gahawa da wannan tambayar. Rannan da na gaji na ce mata, "Goggo, farin yadi fa ya cika kasuwa. Bari in yanko miki kallabi, in kai Makka in wanke, a huta."

Ta ɗaga ɓallin ƙwaryar kamar za ta kwaɗa mini.

"Wa ya aike ka? Nawa yana hanya. Kuma ba inda za ni sai ya iso. So kake in je gaban Ubangijina da kai a buɗe?"